Bizar Ganin Innarka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Aliero, zuwa ga ɗana Magaji, malamin makaranta a Jega.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin lafiya da natsuwa. Allah Shi tsare ka a hanyar Ikko, Shi raba ka da mugun direba da mugun abokin zama, Shi kai ka lafiya, Shi maido ka da abin da ka tafi nema.

Labarin gida ba zan ba ka ba, don babu sabo. Albasa tana nan albasa, innarka tana nan innarka.

Shekaranjiya ka zo sallama. Ka durƙusa a zaure kanka a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa, na ce Allah Shi kiyaye hanya, ka ce amin, ka tashi. Bakina cike yake da magana, to amma uba ba ya zama da ɗansa na fari su yi hirar mata. Takarda kuwa ba ta da idon da za a ji nauyi, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Kawunka Ɗan'ige na Gumbin Kure, taubashina da ba ya iya kwana da labari a ciki, ya ce ran kasuwar Jega ya gan ka a rumfar mutumin nan da ake ce wa Alhaji Ba-Layi. Tun da aka ba mu jiharmu aka raba mu da Sakkwato, irinsu suka tsiro kamar gamba a damina, kowa da jakar hannu, kowa ya san wani babba. Na ji shawarar da Alhajin ya ba ka. Wai in ka isa ofishin biza ka ce kai gwauro ne, taron malamai za ka Amurka, kada ka kuskura ka ambaci matarka Sakina. Ka ɓoye matar da aka ɗaura muku aure gaban rabin Maiyama, ka ɓoye ɗiyar da ta haifa maka a can, wadda har ta fara rarrafe ba ta san ka ba sai muryarka a kaset.

Magaji, in ka yi haka, ba tafiya ɗaya za ka ɓata ba, ƙofar za ka liƙe wa kanka da hannunka. Ba a littafi na karanta ba. Hanyar nan na bi ta tun kana yawo ba wando, kuma babu ramin da ke cikinta da ban faɗa ba. Zauna ka ji.

Kana ƙarami gwamnati ta zaɓi innarka cikin ungozomomin asibiti ta tura ta kwas Amurka. Ni lokacin ina malamin gona, ina taɓa fataucin albasa a gefe. Na yarda ta tafi, aka kai ka wurin kakarka a Alelu, gida ya zama kango. Watannin farko na yi ta maza. Daga baya sai na lura ina tsayawa bakin ɗakinta ina yi wa ƙofa gyaran murya. A kasuwa kuwa Ɗan'ige ya same ni ya samu nama. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Ga mijin 'yar Amurka nan! Ku ba shi hura, tun da anka ɗauke mai tuwon ya koma kamar karan dawa." Ni kuma in ce, "Ni ban ma lura ba ta nan ba." Daga nan na sayo fasfo a ɓoye, na hau mota sai Kaduna, inda ofishinsu na Arewa yake a zamanin.

Na yi layi har na iso gaban wata baturiya tana zaune bayan gilashi. Ina da Turancina na makarantar midil, amma nata ta hanci yake fitowa, sai na nemi tafinta. Aka kawo wani Bakano mai ɗan gashin baki, wanda tun daga gaisuwata ya fara murmushi.

Ya ce, "Ta ce me zai kai ka ƙasarsu?"

Na waiga. Bayana mutane ne cunkus, cikinsu har da wani mutumin Tambuwal da ya san ni. Yanzu namiji mai gemu ya buɗe baki cikin jama'a ya ce kewar mata ce ta taso shi? Na gyara hula na ce, "Kassuwar albasa za ni dubawa."

Ta tambayi wane kamfani ya gayyace ni. Babu. Wa zan sayar wa? Duk mai so. Ta yaya albasar za ta isa? Na ce Allah na nan. Ta ce ina da wani a can?

Na ce, "Akwai wata 'yar garinmu."

"Mece ce ita a wurinka?"

"Uwar yarona ce."

"Wato matarka?"

Na ce, "Haka mutane ka cewa."

Bakano ya ciji leɓe ya fassara. Sai ta ce to, yaya sunanta? Kai ka san sunan innarka sunan mahaifiyata ne. Tun da aka haife ni bai taɓa bi ta bakina ba. Na dubi fanka, na dubi takalmina. Na ce wa tafinta, "Gaya mata sunanta sunan wadda tah haife ni." Ta ce to yaya sunan wadda ta haife ni? Na ce sunan matar tawa. Muka yi ta zagaye kamar jaki a turke, har baturiya ta turo mini fasfona ta ƙasan gilashi, ta ce ba ta gamsu ba. Kuma ta fi ni gaskiya. Ko ni aka kawo wa mutumin da ya ce shi ɗan kasuwa ne ba shi da mai saye, yana da mata bai san sunanta ba, rancen buhun albasa ba zan ba shi ba, balle ƙasa.

Abin da na koya ran nan shi ne, biza ba ƙofa ɗaya ba ce. Kamar kasuwar Jega take: mai son rago ya nufi kara, kada ya je 'yan hatsi yana cigiyar ƙaho. Akwai ta kasuwanci, tana son wanda ya kira ka da abin da za ku ƙulla. Akwai ta karatu, tana son makarantar da ta ɗauke ka da gaske, da mai ɗaukar nauyinka. In kana da niyyar ƙaro ilimi, hanya ce mai kyau, in ba ka da ita kada ka ari rigar ɗalibi. Akwai ta ziyara, wadda zaure kaɗai take kai mutum: a gaisa, a sha ruwa, a kwana biyu, a koma. Sannan akwai ta aure, ita ce mai kaiwa har cikin gida. Tun da an haifi Sakina a can lokacin da mahaifinta ke karatu, fasfonsu take riƙe da shi, wannan ƙofar taku ce. Daga hannunta ake fara ta, ita za ta shigar da buƙatar a can, kai ka bi da naka a nan. Tana da nawa kamar tafiyar hawainiya, amma hawainiya tana isa. Na kuma ji sun fito da wata ta jefa ƙuri'a. Wannan in ta faɗo maka to, amma mai hankali ba ya barin shuka don an ce wata rana ana tsintar gero a hanya.

In ka ga jiran ya yi tsawo kana son ta ziyara kafin nan, nemi ta ziyara da sunanta. Ka ce matarka da ɗiyarka za ka gani, maganar zama tana hannun hukuma, hutun makaranta na ƙarewa za ka dawo. Mai yiwuwa su hana, don sun san mai mata a can ƙafarsa na nauyin dawowa. Hani irin wannan ba tabo ba ne, gobe ma rana ce. Kuma dokokinsu na sauyawa kamar farashin albasa, nawa sanin ya kwana biyu. Tambayi ofishin da kansa, kada ka tambayi rumfa.

Komawata ta biyu na shirya. Na rubuta sunan a ƙyallen takarda na riƙe a tafin hannu, in an tambaya in manna a gilashi. Wannan ya wuce lafiya. Sai baturiya ta ce mece ce shaidar cewa mun yi aure?

Na ce, "Duk Alelu sun ci goro."

Ta ce takarda take nufi. Na ce mu aurenmu ba a takarda ake ɗaura shi ba, a gaban shaidu ake yi, in tana so in ɗauko mata liman a mota, yana da rai, ƙafa ce kawai ba shi da ita. Ta ce a bar liman ya huta. Akwai hoto? Nan na yi murmushi, don akwai. Mai hoto daga Jega aka kira ran ɗaurin auren, na zaro shi daga aljihu da alfahari. Dattawa ne jere a kan tabarmi, ga ƙwaryar goro a tsakiya, ga maroƙi baki buɗe.

Ta duba, ta sake dubawa. "Wanne ne kai a ciki?"

Na ce, "Subhanallahi! Ango shi zo ɗaurin aurenai? Ina gidan abokina a ɓoye. Wancan mai rawani shi ne wakilina."

"To ina amaryar?"

"Tana cikin gida an lulluɓe ta."

Bakano ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Alhaji, ta ce wannan ne aure na farko da ta gani wanda ango da amarya duk ba su samu halarta ba." Fasfo ya sake dawowa ta ƙasan gilashi.

Don haka kafin ka hau mota, je kotun alƙali da waliyyin Sakina ko wakilinsa, da shaidu, a ba ku takardar aure mai hatimi. Haɗa da takardar haihuwar yarinyar. Kwashi wasiƙun da ta aiko maka, har waɗanda kake ɓoyewa a ƙasan akwati, da rasit ɗin wayar da kake bugawa a Birnin Kebbi. Hotunan da ƙawayenta suka tilasta ku kuka yi, kada ka zaɓi wanda ka tsaya can nesa fuska murtuke kamar an haɗa ka hoto da kura. Akwai wanda kuke dariya kafaɗarku na gogar juna. Innarka ta ce ta san kana da shi, ta gan shi cikin littafinka na lissafi. Shi za ka kai. Baturiya ba surukarka ba ce. Abin da mu ke kira kunya, su a wurinsu alamar babu komi tsakani ne. Ba sun fi mu ba ne, ba mun fi su ba, amma wanda zai shiga gidan wani, sallamar masu gidan yake yi.

Bayan hani na biyu innarka ta rubuto da shawara. Ta ce tana da hutu lokacin aikin hajji, ta tara ɗan guzuri, in biya kujera daga nan, ita ta taso daga can, mu haɗu a Makka. Ka san abin da na mayar mata? Na ce ni ba na gama niyyar Allah da ta mata. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, na yi kwanaki ina jin kaina waliyyi. Sai da alhazai suka tashi na ba liman labari, ina jiran yabo. Ya dube ni ya ce, "Kai wane irin wawa ne? Mutum shi tai hajji da iyalinai, ai lada bisa lada ce. Wa ac ce maka haramun ne?" Na rasa hajjin shekarar, na rasa ganinta, waliccin ma liman ya karɓe.

Kai kada ka yi haka. In sun hana ka, duniya ba Amurka da Jega kaɗai ba ce. Ku haɗu a Umra. Ko ta sauko ƙasashen maƙwabtanmu da kai ba ka buƙatar biza, in jirgin can ya fi mata sauƙi. Mafi kyau ma ta ɗauki hutu ta taho gida da yarinyar, sai dai ta fara neman izinin shigowa, don mu ma muna da tamu ƙofar, kuma ba a buɗe take kwana ba. Kowace haɗuwa irin wannan tana rage kewa, tana kuma ƙara muku shaida.

Yanzu ga ramin da ya fi zurfi, shi ne wanda kake tsaye a bakinsa.

Ɗan'ige, da ya gaji da yi mini dariya, sai tausayi ya kama shi, kuma tausayinsa ya fi dariyarsa ɓarna. Ya haɗa ni da wani mai kwat a tashar Kaduna, wanda ya ce shi ko kaza ya shirya sai an ba ta biza. Ya ce matsalata ita ce ina zuwa a matsayin talaka mai mata. Ya buga mini takardar gayyata zuwa babban taron manoman duniya, ya naɗa ni Sarkin Noman Gumbin Kure, ya ce in sa babbar riga da rawani, in an yi tambaya in riƙa amsawa a hankali kamar mai jin nauyin sarauta. Maganar mata kuwa in ce Allah bai kawo ba tukuna.

Na ari rawani, na naɗa shi ya karkace, na shiga layi ina taku ɗai-ɗai. Can na hangi wani mai rawani a gabana. Muka gaisa irin ta manya. Na ce, "Ranka shi daɗe, daga ina?"

Ya ce, "Sarkin Noman Gumbin Kure."

Na ce, "Ikon Allah." Kafin in rufe baki wani daga baya ya miƙo hannu, da harshen mutanen Bidda, ya ce shi ma Sarkin Noman Gumbin Kure ne, yana kiran sunan garin kamar yana tauna tsakuwa. Ashe mai kwat sunan ƙauye ɗaya ya samu daga bakin Ɗan'ige, ya ji ya yi masa daɗi, ya yi ta naɗi. Garin da ko ɗaya cikinmu bai da gona a cikinsa ya tashi da sarakunan noma reras a layi guda.

Ni dai na fara ja da baya. Na ce ina zuwa, zan kama ruwa. Na warware rawani a bayan gida na cusa a jaka, ban tsaya ba sai tasha. Ba hankali ya cece ni ba, tsoro ne, kuma na gode wa Allah da Ya ba ni shi da yawa.

Na gabana shi ya shiga. Mai sayar da fata ne, mutumin kirki, shi ma matarsa ce a can take karatu. An riga an ga sarki ɗaya da safe, da aka ga na biyu sai aka gane. Aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka yi ƙarya. Shekaru bayan haka na gamu da shi a Sakkwato. Ya ce ya koma da gaskiyarsa, da takardar aure, da komi, aka ce an riga an rufe. Matar ta samu aiki a can, ta jira, ta jira, ta zo, ta koma, daga ƙarshe auren ya mutu a cikin ambulan. Yana ba ni labari yana dariyar rawaninmu, amma idonsa bai yi dariyar ba.

Magaji, rashin hujja ana gyara shi, ƙarya ba a gyara ta. Ranar da Sakina za ta shigar da sunanka a matsayin mijinta, za su buɗe su ga gwauron da ya zo taron malamai. Ɗayanku maƙaryaci ne, kuma ba ita ba ce. Alhaji Ba-Layi yana rumfarsa yana shan shayi, kai kana nan, ɗiyarka na can tana koyon kiran wani abu daban kafin ta koyi kiran baba. In ka ba shi wani abu, bar masa, ka ɗauka ɓera ya ci.

Zuwana na ƙarshe na tafi da rigata ta kullum, da takardar alƙali, da wasiƙunta. Baturiyar nan ce dai, da Bakanon nan, har sun san ni. Ta ce me zai dawo da ni gida in an bar ni na tafi? Nan fa aka zo gonata. Na ce ina da aikin gwamnati, ina da yaro a Alelu, ina kuma da albasa a rudu. Na yi mata bayanin rudu, rumfar kara da muke shanya albasa a kai iska na ratsa ta. Na ce in ba a juya ta ana tsince ruɓaɓɓu ba, ɗaya sai ta kashe dubu, kuma duk duniya ba wanda na yarda ya juya mini sai ni, don Ɗan'ige rabi zai juya rabi ya kai kasuwa. Na yi ta zuba har ta ɗaga hannu. Ta ce ta yarda ba ƙasar da za ta iya raba ni da albasar nan.

Sai ta ce, "To me zai kai ka?"

Na waiga. Layi na nan cike. Na dubi Bakano na ce a hankali, "Ka sani ai."

Ya ce, "Alhaji, ni tafinta ne, ba boka ba."

Na runtse ido na ce, "Matata Hauwa'u za ni gani. Kewarta ta hana ni sukuni. Tun da tat tahi ban ci abin da yay yi mani daɗi ba."

Ga shi na rubuta sunan ma, hannuna bai shanye ba. Rufin ofis bai faɗo ba. Wani tsoho a bayana ya ce, "Allah sarki." Baturiya ta buga hatimi.

Za ka ce labari ya ƙare da daɗi. Ina! Ubanka ne fa.

Na dawo Aliero da biza a aljihu, sai na tarar albasa ta faɗi warwas. Kowa ya san wanda ya sayar da kaka ya yi wa wani noma. Na duba biza na ga tana da sauran watanni. Na ce bari in ɗan jira farashi ya motsa. Ya motsa, na ce bari ya ƙara. Ya ƙara, na ce ai yanzu ya fara. Innarka kuwa ban rubuta mata an ba ni ba. Na farko, kada ta ga kamar ina ɗoki. Na biyu, ina son in yi mata ba-zata, ta buɗe ƙofa ta gan ni tsaye da kilishi.

Sai da biza ta kusa mutuwa na sayar, na sayi tikiti, na hau jirgi. Yadda na sha sanyi da yadda na ɓace a filin jirgi, wannan sai wata rana in kana da lokacin dariya. Na dai isa gidan da take haya, na ƙwanƙwasa, na gyara tsayuwa. Wata tsohuwar baturiya mai gidan ta buɗe. Na faɗi sunan, yanzu bakina ya saba. Tsohuwa ta dafe ƙirji. Ta ce sun gama kwas da wuri, innarka ta tafi gida makon jiya, tana ta murna za ta yi wa mijinta ba-zata.

Na yi kwanaki a ɗakin da ta bari ina jiran jirgin komawa. Tsohuwa tana dafa mini dankali ba gishiri ba yaji, ni ina ba ta kilishi tana hawaye, ban sani ba ko tausayi ne ko barkono. Abu ɗaya na yi daidai a tafiyar nan duka: na fita ƙasarsu kafin ranar da suka rubuta. Kai ma ko sama za ta haɗe da ƙasa, kada ka ƙara kwana ɗaya a kan abin da aka ba ka. Baƙon da ya tashi da wuri shi ake sake yi wa shimfiɗa.

Ran da na sauka a tashar Jega, Ɗan'ige na can ya tara jama'a. Ya ce, "Ku taho ku ga wanda yat tai Amurka gaida ɗaki!" Har yau tsofaffin kasuwa in suna son su ce mutum ya yi wahalar banza, cewa suke ya yi tafiyar malamin gona.

To ka ji. Biza aikin mutum biyu ce. Duk abin da za ka yi, Sakina ta sani: ranar da za ka shiga, abin da za ka faɗa, abin da aka ce maka, ko mai daɗi ko marar daɗi. In an ba ka, tashi a lokacin. Kada ka jira ƙarin albashi, kada ka jira a gama ginin ɗaki. Albasa ana ajiye ta ta ƙara daraja, rarrafen yaro ba a ajiye shi.

Ina cikin rubutun nan innarka ta leƙo ta ce, "Malam, mi kaka rubutu tun hantsi, ko wasiyya ce?" Na ce yaron nan nake yi wa nasiha. Ta ce in karanta mata. Na karanta ina tsallake wurare, ta ce in koma in karanta da wuraren. Da na zo inda na runtse ido gaban gilashi, sai ta aje tiren shinkafar da take tsincewa.

Ta ce, "Kai kah hwaɗi haka?"

Na ce, "Dole ce ta sa."

Ta ce, "Gaban mutane?"

Na ce, "Har da mutumin Tambuwal, ina jin."

Ta dube ni sama da ƙasa. Can ta ce, "Ashe bakinka ya iya. Baturiya ta ji, Bakano ya ji, 'yan layi sun ji. Ni da anka yi abin domina, ran da kad dawo mi kac ce mani? 'An iso lahiya? Wa at taɓa mani rudu?'"

Gaskiyarta, haka aka yi. Shekarun nan duka ba ta sani ba, ni kuma ina zaton ta sani.

Saboda haka ga nasihata ta ƙarshe, kuma daga bakinta na ɗauko. Kafin ka hau motar Ikko, fara zuwa Birnin Kebbi ofishin waya. Ka buga wa Sakina. Ka gaya mata ka bar rumfar Alhaji Ba-Layi, ka ce ta fara shigar da takardun aure. Sannan abin da za ka faɗa gaban gilashi, ita ta fara jin sa. Kada baƙuwa ta riga ta. Wanda ya iya faɗa wa mai abin, ba ya rawar baki gaban kowa.

Innarka ta ce ni ma yanzu in faɗa mata, tana saurare. Na yi gyaran murya, na dubi fanka, na ce tuwon jiya ya yi daɗi ƙwarai. Ta ɗauki tirenta ta miƙe, ta ce ba ta gamsu ba, in dawo gobe da hujja. Gobe zan koma. A wannan ofishin ba ni da tafinta.

Allah Shi yi maka albarka, Shi sa gaskiya a bakinka, Shi sanya tausayinka a zuciyar wanda za ka tsaya gabansa. Allah Shi tsare ka a mota da jirgi, a garin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Shi haɗa ka da iyalinka cikin alheri, Shi ba mu tsawon ran da za mu ɗauki jikarmu a hannu. Innarka na gaishe ka, ta ce ka tafi da rigar sanyi ko da Ikko ce. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.